Jan Tauren Gidiyon

Duk Panshekara babu wanda bai san tauren Gidiyon ba. Ja ne wur, irin na Sakkwato, gashinsa na sheƙi kamar an shafe shi da man gyaɗa. Awakin unguwa na can bola suna cin leda da takardar siminti, shi kuwa yana kwance a inuwa cikin gida, kan buhun da aka shimfiɗa masa, ana kai masa harawa da dusa har gabansa. Igiyarsa ma ba a wuya take ba, a ƙafa take, an naɗe ta da tsumma don kada ta goge shi. In kaska ta kama shi Gidiyon ba ya fizge ta, sai ya ɗiga mata manja ya tsuguna yana jira ta saki don kanta. Matarsa Tabita takan ce tun da aka ɗaura musu aure bai taɓa duban jikinta yadda yake duban na dabbar nan ba.

Ba don nama yake wannan wahala ba, don fata ne. Uban Gidiyon mai bishara ne a wani ƙauye gefen Zonkwa, abin da ya bari a duniya kuwa bai wuce gona da keke da littafinsa na coci ba. 'Yan'uwa suka yi rabon gona da keke, littafi ya faɗo a hannun Gidiyon. Bangonsa ya daɗe da mutuwa, takardun ciki suna zubewa kamar ganyen kuka, sai da aka ɗaure shi da robar tayar keke. To, Gidiyon yana da 'ya, Albarka, ita ce autarsu kuma ita kaɗai ce mace. Tun tana makaranta ya ɗaukar wa kansa alkawari, ranar da za a kai ta ɗakin miji zai danƙa mata littafin kakanta da sabon bango na jar fata, jimar gargajiya, fatar da ba ta da tabo ko na ƙaya. Da ya ga samari sun fara sintiri a ƙofar gida, sai ya je kasuwa ya zaɓo ɗan taure ya ɗaure.

Mutum ya ce me zai hana shi sayen fata a kasuwa kamar kowa? Wanda ya faɗi haka bai san Gidiyon ba.

Yana saurayi ya shigo Kano a kan motar citta, da riga ɗaya a wuyansa. Ya fara da dakon ɗanyar fata a wani kamfanin jima a Bompai, yana zuba gishiri yana jerawa. Warin da yake kwasowa a jiki, in ya shiga motar haya sai a bar masa kujera shi kaɗai kamar hakimi. Tabita ce kawai ta iya da shi, don ita a lokacin tana sayar da tuwo da miyar karkashi a bakin ƙofar kamfanin, hancinta ya riga ya mutu. Da aka buɗe manyan kamfanonin jima a Challawa ya koma can, suka kama ɗaki a Panshekara, daga baya suka samu fili suka yi gini. A nan ya tsufa a teburin tantance fata. Za a jibge masa tari, ya shafa da tafin hannu, ya ce wannan lamba ɗaya, wannan lamba biyu, wannan kuwa waya ta karce ta tun tana raye, a jefa ta lamba uku. Shekara da shekaru yana wannan, har idonsa ya lalace da ganin aibi. Ko rigar sarki aka ɗora masa a hannu, zaren da ya zare zai fara gani. Da gwiwa ta ƙi, suka sallame shi da agogon bango, ya dawo gida ya zauna wa Tabita.

Akwai kuma ciwo na biyu da ya kwaso a kamfani, wanda ba shi da magani a kemis, wato ciwon tambaya. Wani Bature ɗan Italiya da ke duba musu injuna ne ya ɗora masa shi. Wata rana Baturen ya ɗaga wata jar fata ya ce, tun zamanin kakannin kakanninsa ake ɗinke manyan littattafan ƙasarsu da irinta, suna kiranta fatar Maroko, alhali mai yawa daga nan ƙasar Hausa take fitowa. Shi ke nan, kamar an watsa wa kaza tsaba. Gidiyon ya shiga bin mutane da tambaya. Ya tambayi Balaraben nan Kwara da ke da kamfanin, ya tambayi Ba'indiyen da ke haɗa sinadari, ya tare direbobin Agadas a Dakata, ya bi wani tsoho jikan Larabawa har Dandalin Turawa cikin birni. Rediyo kuwa in ana shirin tarihi, ko gobara ake a maƙwabta sai an gama zai fito da bokiti.

Duk abin da ya tsinto, wuri ɗaya yake zuwa ya juye shi, rumfar Malam Gwadabe. Gwadabe baduku ne, ɗan asalin Challawa, tun kafin a kafa bututun hayaƙi ko ɗaya iyayensa ke noma gefen kogin nan. Rumfarsa na bakin titi inda 'yan adaidaita sahu ke sauke ma'aikata. Yana gyaran takalma, yana ɗinka kube da jaka da gafakar da malamai ke zuba littafi. Sun fi shekara talatin suna zama a benci ɗaya, ba a taɓa jin ɗayansu ya ce wa ɗaya ka yi gaskiya ba.

"Malam, ka san hanyar da fatar nan ke bi a da?" in ji Gidiyon, yana miƙe ƙafa. "Daga kasuwar Kurmi a ɗora wa raƙuma, a bi ta Agadas, a ratsa rairayi. Wasu su ɓulla Gadamas su sauka Tarabulus, lokacin nan Tarabulus na hannun Sarkin Santambul. Wasu su nufi Fas. Can Larabawa da Yahudu su saya su loda wa jirgin ruwa. Turawa su karɓa, su ce ta Maroko ce, don ba su san inda akuyar ta ci ciyawa ba."

"Kai da ka shigo garin nan a kan buhun citta," in ji Gwadabe, bai ko ɗago daga takalmin da yake huɗawa ba, "kai ne za ka ba ni labarin Kurmi?"

"Ai baƙo shi ke ganin gari, ɗan gari barci yake. Ka san Kiristocin Habasha a kan fatar akuya suke rubutu, tun kafin Bature ya san hanyar nan? Ka san a Andalus akwai garin da majemansa suka yi suna har..."

"Na san wanda bai biya mai shayi ba tun jiya. Miƙo min zaren can."

Haka suke. Ranar da Gidiyon ya fara kawo masa maganar bango, ya zo da ɗar-ɗar, don bai san yadda Malamin zai ɗauki ɗinkin littafin coci ba. Gwadabe ya juya littafin a hannu, ya ja robar tayar ta koma ta ce fat, ya girgiza kai.

"Wannan littafin ubanka ne ka ɗaure kamar kayan miya? Kai, ba ka da mutunci. Kawo fata, ni ɗinki zan yi, ba wa'azi aka ce in yi ba. Amma kada ka kawo min shuɗiyar fatar nan taku ta kemikal mai warin asibiti."

Suka shirya a kan haka. In an yanka taure Gwadabe zai feɗe da hannunsa, ya kai wa wani amininsa a majema cikin birni a jeme da bagaruwa, a rina da karan dafi, sannan ya ɗinka.

Ana nan, Allah ya kawo miji. Sulemanu sunansa, ɗan Filato, yana gyaran injin a wani kamfanin roba a Sharaɗa, kuma ya samu aiki a Bukuru, can zai tafi da amarya. Yaro mai kunya, in ya zo gaisuwa har ƙasa yake zubewa. Aka sa ranar da danginsa za su kawo kayan gaisuwar iyaye, aka sa biki bayanta da 'yan makonni. Gidiyon ya lissafa ya ga jima da rini da ɗinki za su shiga tsakanin nan daidai, ba ragi. Sai ya ce ranar gaisuwa za a yanka taure, baƙi su ci nama, shi ya tsira da fata.

Ranar gaisuwar da safe gida ya cika da mata, dangin Tabita da 'yan zumuntar coci, ana ta fere doya ana tsince shinkafa. Gwadabe ya zo da wuƙarsa. Dama can in Gidiyon zai yi yanka shi yake kira, don maƙwabta Musulmi su ci ba tare da sun tambaya ba. Aka kai taure bayan gida, Gidiyon ya shimfiɗa tabarma don kada tsakuwa ta karce shi wurin shure-shure. Ka ji fa, tabarma. Gwadabe ya yi bisimilla ya yanka. Da ya laluba aljihu sai ya ce, "Af! Na baro wuƙar fiɗa a gida."

Wata mata ta miƙo wuƙar kicin. Gidiyon ya daka mata harara har ta ja da baya.

"Da wannan mai tsinin za a taɓa min fata? Malam, je ka ɗauko taka mai dagin baki, marar tsini. Ai ba nisa."

Da ya bar shi ya tafi shi kaɗai, da ba a yi labari ba. Amma tun a hanyar zuwa bayan gida sun riga sun ɗauko wata gardama. Gidiyon ya ce ai ciniki ba hanya ɗaya yake bi ba, raƙuman da suka kai fata su ne suka dawo da takarda, kuma takardar da malamai na da can suka yi rubutu a kai, mai yawa Nasara ne suka yi ta, a ƙasar wani gari na Italiya da aka gina a kan ruwa. Gwadabe ya ce ƙarya yake, takardar kakanninsa daga Masar take.

"Ta Masar ta biyo, ban musa ba. Amma can aka yi ta. Har alama suke sa mata a ciki, jinjirin wata guda uku, don Turkawa da Larabawa su so ta. Ba ka da littafin kakanka na hannu a gida? Ɗaga warƙa ɗaya ka duba a rana."

"In ban gani ba fa?"

"In ba ka gani ba, na daina magana a rumfarka har in mutu."

"Kai, Allah ya karɓi addu'ata yau. Taso mu je!"

Suka bar taure kwance a kan tabarma, suka fice suna ɗaga murya. Tabita, wadda ita kaɗai ce a cikin matan ta san zancen fata ciki da waje, ta tafi injin markaɗe da bokitin tumatir. Albarka na ɗaki ana mata kitso.

A zauren Gwadabe, Malam ya wanke hannu, ya shiga ya fito da wata tsohuwar gafaka da ta yi baƙi don tsufa. Ya zaro warƙa ɗaya daga wani littafin hukunce-hukuncen ciniki da kakansa ya kwafa, ya ce wa Gidiyon ya tsaya can, ido kawai aka ba shi. Suka fita cikin hasken rana, ya ɗaga ta sama. Da fari ba su ga komai ba sai tawada. Ya ɗan karkata ta. Sai ga su nan a cikin jikin takardar, fari-fari, jinjirin wata uku a jere, babba da mai bi masa da ƙarami.

Gwadabe ya ƙura musu ido. Can ya ce, "Ikon Allah. Shekara nawa littafin nan yana gidan nan."

"Na gaya maka ko ban gaya maka ba?"

"To ai wata namu ne. Ka ga ko su sun san na gaskiya."

"Ciniki suka sani, Malam! Su sun yi muku takarda, ku kun yi musu bango. Sarakuna na can suna ta yaƙi a teku, fatake na nan suna awo."

Aka zaro warƙa ta biyu, aka zaro ta uku. Rakiya matar Gwadabe ta aiko musu da koko da ƙosai, suka zauna suka sha. Gidiyon ya shiga ba da labarin yadda Fotugis suka zagayo ta teku suna neman zinariyar da raƙuma ke kaiwa arewa. Maza dai! A bar dabba yankakkiya a ƙasa, a zauna ana raba duniya tsakanin Turkawa da Fotugis. Hausawa sun ce baki shi ke yanka wuya, ranar nan kuwa fata ya yanka.

Don a daidai lokacin ne Yusufu ya sauka daga motar Kafanchan. Yusufu ƙanin Tabita ne, manomi, mutum mai zafin nama wanda ba ya iya ganin aiki a ƙasa ya wuce. Ya ajiye buhun acca da ya kawo, ya gaisa da mata, ya zagaya bayan gida don ya wanke ƙafa, sai ga taure yankakke, ƙuda har sun fara taruwa, ga rana tana ɗagawa, ga baƙi na hanya. A garinsu kuwa ba a feɗe akuyar biki. Babbake ta ake yi da fatarta, a kankare, a wanke, a daddatsa, don a wurinsu daɗin naman yana ga fatar. Matan da ke wurin duk 'yan can ne, ba wadda ta ga abin mamaki. Wata ma ita ta miƙo masa ashana. Ya tara karare da busasshiyar ciyawa, ya ɗora taure.

Tun daga bakin layi Gidiyon ya jiyo ƙaurin gashi. Ya tsaya cak. Wanda ya yi rayuwarsa cikin fata ba ya buƙatar a gaya masa. Ya manta da ciwon gwiwa, ya ruga, Gwadabe na biye da wuƙar fiɗa a hannu. Suka tarar da Yusufu ya tuɓe riga, gumi na zuba, yana kankare baƙin taure da bayan wuƙa, fatar ta tsattsage ta yi rawaya.

"Yallaɓai, sannu da zuwa!" in ji Yusufu da fara'arsa. "Kun bar nama a rana kun tafi yawo. Ba don ni ba da yau kun ji kunyar surukai. Kai, amma dabbar nan ta sha kiwo, dubi kitse!"

Gidiyon ya dubi tauren. Ya dubi tabarmar da ya shimfiɗa, an jingine ta a bango. Tabita ta shigo da bokiti a ka, ta gani, ta dafe ƙirji.

"Yusufu! Ka kashe ni! Wa ya aike ka?"

"Yaya, me na yi? Ba akuyar biki ba ce?"

Gwadabe ya mayar da wuƙarsa cikin kube a hankali, ya ce, "Aikin gama ya gama. A daddatsa, baƙi na tafe."

Baƙi suka zo, aka yi addu'a, aka karɓi kaya, aka ci aka sha. Gidiyon ya zauna cikin babbar riga yana murmushin da bai wuce haƙori ba. Abin da ya fi ci masa rai, kowa sai yabon naman yake. Kawun ango, wani tsoho mai sanda, ya tsotse yatsu ya ce rabonsa da cin fata mai laushi haka tun yana yaro, wane irin abinci ake ba dabbar nan? Gidiyon ya ce harawa. Ko loma ɗaya bai kai bakinsa ba. Yusufu kuwa da aka warware masa zance, ya rasa inda zai sa kansa, washegari da sassafe ya gudu gida ko sallama bai tsaya yi sosai ba.

Gidiyon ya kwana biyu ba ya fita. Rediyo ma ya kashe. Ba a fafe gora ranar tafiya, ba taure da za a kiwata cikin 'yan makonni, kuma ya san duk fatar da ke kasuwar Kano in ya shafa sai ya samu abin da zai ce. Albarka ta same shi ta ce, "Baba, ni ko da robar ka ba ni ina so." Ya ce ta tashi ta ba shi wuri, ba da ita ya yi alkawari ba, da kansa ya yi.

Tabita ta ba shi kwanakinsa, don ta san tuwo ba a taɓa shi da zafi. Ranar da ta ga abin na neman wuce gona da iri, ta ajiye masa abinci ta ja kujera ta zauna a gabansa.

"Baban Albarka, in tambaye ka mana, tun da kai ne malamin tarihi."

Ba ta jira izininsa ba, ta ci gaba.

"Shekara nawa kana cika min kunne da raƙuma? Fata ta tashi daga Kurmi, ta sha rana, ta sha rairayi, Balarabe ya taɓa, Bayahude ya taɓa, ta shiga jirgi. To, Baturen da ya ɗinke littafinsa da ita, shi ya kiwata akuyar? Ya san sunan mai ita? Ya san ko ta taɓa shiga ƙaya?"

"Wannan daban."

"Daban da me? Kai ka ce min littattafan nan suna nan har yau ba su mutu ba. Awakin talakawa ne fa, masu yawo a jeji, ba masu kwana a kan buhu ba. Ƙanina ya yi wauta, na yarda, kuma ya ji a jikinsa. Amma wa ya bar nama ya tafi kallon wata da rana tsaka? Ka tashi ka je wurin Malam, tun shekaranjiya yake aiko Rakiya tana tambaya ko ka mutu."

Ya ci abincin. Da la'asar ya ɗauki sandarsa ya tafi rumfa.

Gwadabe bai yi masa jaje ba. Ya jawo wani ƙunshi daga ƙarƙashin benci ya warware. Jar fata ce, jimar bagaruwa, rinin karan dafi, ta yi laushi kamar ƙyalle. Ya ce ta akuyar da aka yanka ranar sunan jikarsa Mas'uda ce, ya ajiye ta ne zai yi wa littafin kakansa sabuwar gafaka.

"Amma na ga tsohuwar ba ta gaji ba tukuna. Ɗauki ka duba."

Hannun Gidiyon ya riga hankalinsa. Ya shimfiɗa ta a cinya ya shafa daga wuya zuwa gindi. Yatsansa ya tsaya a gefen haƙarƙari, inda wani siririn tabo ya ratsa, tsawon ɗan yatsa. Ya ƙara gaba ya samu cizon kaska biyu.

"Waya ce ta karce ta," in ji shi a hankali. "Ga kaska. Malam, wannan a teburina lamba uku ce."

"A teburinka. To nan rumfata ce. Akuyar Rakiya ce, ta yi yawonta a Challawa, ta haihu sau huɗu, ta ciyar da mutanen suna. Kai kanka a shafa ka yanzu, lamba nawa za ka fito? Gwiwa ta tafi, ido ya tafi, baki ne kawai ya rage."

Gidiyon ya yi dariyar da rabonsa da ita tun ranar gaisuwa, har da tari. Ya sake shafa fatar, wannan karon bai tsaya a tabon ba. Jimar ta yi, ba ƙarya. Ya naɗe ta ya buɗe, ba ta karye ba.

"Tabon zai faɗa a baya ko a gaba?"

"Inda almakashi ya kai shi. Ka kawo littafi gobe, kuma in ina aiki ban son jin Fotugis."

Bai ji Fotugis ba, amma ya ji Wangarawa da mutanen Barno da yadda goro ke tasowa daga Gwanja, don Gidiyon kullum yana benci har aka gama. Gwadabe ya jera takardun da suka zube ɗaya bayan ɗaya, Gidiyon na gaya masa wacce ke bin wacce. Ya ɗinke su da zare mai ƙarfi, ya sa kwali, ya ja fata a kai, ya yi masa leɓe mai rufewa irin na littattafan malamai, don shi bangon da ya iya ke nan. Da ƙarfen zane ya bi gefe ya fitar da 'yan layuka. Tabon ya faɗo a baya, ƙasa-ƙasa, inda tafin hannu ke riƙewa.

Ranar biki, bayan an fito daga coci an ci an sha, motar Bukuru na tsaye ana ɗaure kaya a sama, Gidiyon ya kira Albarka ɗaki. Ya zaro littafin daga cikin sabon ɗankwalin Tabita ya ɗora mata a hannu. Ta juya shi, ta buɗe leɓen, ta kifa shi ƙasa ta girgiza kaɗan, ko takarda ɗaya ba ta faɗo ba. Sai hawaye, kwalliyar da aka ɓata safiya ana yi ta fara zuba.

"Akwai tabo a baya," in ji Gidiyon. "Gara in gaya miki da bakina."

"Ina?"

"Ga shi nan, ƙarƙashin yatsanki."

"Baba, kai dai! Wa zai gani in ba kai ba?"

Tabita ta leƙo ta ce direba na ta hon, in sun gama koke-koken su fito. Albarka ta ƙi sa littafin a akwati, a cinya ta riƙe shi har mota ta tashi.

Yusufu ya zo bikin, amma wuni ya yi yana laɓe-laɓe a bayan masu dafa abinci, in ya hango Gidiyon sai ya canja hanya. Washegari yana shirin tafiya tasha, Gidiyon ya tare shi a ƙofar gida da wani abu a hannu. Ragowar fatar ce, Gwadabe ya ɗinka ɗan jan kube da ita, a ciki kuwa sabuwar wuƙar fiɗa mai dagin baki.

"Ungo. In ka koma gida ka samu mahauci ya koya maka."

Yusufu ya karɓa da hannu biyu, ya zaro wuƙar ya duba, ya mayar. Kunya ta ɗan sake shi.

"Na gode, Yallaɓai. Amma tsakani da Allah, naman nan bai yi daɗi ba?"

"Ina na sani? Ban ci ba."

"Ya ci," in ji Tabita daga tsakar gida. "Na ɗumama masa ragowar washegari, har ƙashi ya tauna."